Bangon da Magini Ya Yaɓe

Ranar da za a gwada bangon, Magini ya riga kowa isowa ƙauyen, amma bai shiga gidan 'yarsa ba. A bakin lungu ya jingine kekensa, ya zauna kan wani kututture yana murza tafin hannunsa kamar mai jin sanyi, alhali rana ta riga ta fara cizo.

Shekara goma sha ɗaya ke nan rabonsa da gini, amma har yau babu mai kiransa da wani suna sai Magini. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannunsa kaushi kamar bayan kunkuru. Gini gadonsa ne, uba da kaka. In ya shiga ɗakin mutum, kafin ya gama amsa gaisuwa idonsa ya zagaye bango, kuma zai iya gaya maka shekarar da aka yi yaɓen da ramin da aka ɗebo ƙasar. Wata rana ya faɗo daga saman wani ɗaki da yake wa rufi, ƙugu ya goce. Ya tashi, amma da ɗingishi, kuma tun daga ranar ƙafarsa ba ta ƙara taka tsani ba. Yana cikin zaman jinya ofishin lafiya ya zo neman masu feshi, aka ce ana son wanda ya san ɗakunan mutane. Wa ya fi shi? Rabin ɗakunan ƙauyuka bakwai da ofishin ke kula da su shi ya gina su.

Abin da suke yaƙa ɗan mitsitsin ƙuda ne. Ma'aikatan lafiya suna ce masa ƙudan yashi, mutanen ƙauye kuwa ɗan shiru suke kiransa, don ba ya kuka a kunne kamar sauro. Bai kai rabin sauro ba, ba ya ma iya dogon tashi, sai tsalle-tsalle a jikin bango. Da rana yana laɓe cikin tsaga, da faɗuwar rana ya fito. Wanda ya ciza ba ya sanin an yi masa komai sai bayan watanni, a fara zazzaɓin da ba ya jin magani, saifa ta kumbura, ciki ya yi tulu, yaro ya rame, fatarsa ta yi duhu. Baƙin zazzaɓi ke nan. In ba a kai asibiti da wuri ba, sai dai haƙuri.

Sau biyu a shekara suke zagayawa. A fitar da tukwane da hatsi da tulun ruwa, abokin aikinsa Mai Awo ya zuba ƙunshin magani ɗaya a tanki ya cika ruwa zuwa layi, Magini ya sa takunkumi ya goya famfo ya shiga. Daga sama zuwa ƙasa, taku ɗaya gefe, daga ƙasa zuwa sama, ba gaggawa. In ya fito sai ya tsaya a bakin ƙofa ya karanto wa masu gida doka. Kada a shiga sai bayan awa biyu. A share ƙwarin da suka mutu a binne, saboda kaji. Kada a wanke bango, kada a yi masa yaɓe har wata shida. Ya faɗi wannan magana har ba ya jin ta in tana fita daga bakinsa.

To bana, wata huɗu bayan feshi, yara uku suka kwanta a lungu ɗaya. Ta ukun jikarsa ce, Tantabara, 'yar shekara shida. Kwananta takwas ke nan a asibitin gari, uwarta da ubanta suna can tare da ita. Ɗakin da take kwana kuwa shi ya fesa shi da hannunsa.

Motar ofis ta iso wajen ƙarfe takwas. Malama ce ta fara fitowa, rungume da wani akwati kamar mai ɗauke da ƙwai. Ita ce sabuwar jami'ar da ke kula da su, ba ta daɗe da gama jami'a ba, kuma in hankalinta ya tashi murfin biro take ci. Yau murfin ya riga ya lanƙwashe. Mai Awo ya biyo ta da jakar kaya, dogo, siriri, bakinsa ba ya rabo da tsiya.

"Tsoho, a nan ka kwana ne, ko matarka ce ta koro ka?"

Magini ya miƙe daga kan kututturen. Malama ta gaishe shi, ta tambayi mai jiki, sannan ta ce gara su ji da kunnensu. Ta kira Babban Jami'i ta buɗe muryar wayar.

"Ku gwada ɗaki biyar a lungun," in ji muryar. "In ƙudan ya faɗi, mu nemi matsalar a wani wuri. In bai faɗi ba, ɗayan biyu ne. Ko mai haɗin ya cika ruwa, ko maganin ya daina cin ƙudan. Ko wanne ne, ki karɓi mukullin sito, mota ta kwaso sauran kwalayen maganin yau. Ba zan bari a yi ta wanke wa mutane bango da ruwan banza ba."

"Yallaɓai, zagaye na biyu fa saura kwana shida. Ga damina ta kawo kai."

"Sai ya jira sabon magani."

"Yaushe zai zo?"

"Wata biyar, in an yi sa'a. Ki kira ni ƙarfe huɗu, zan fito daga taro."

Wata biyar. Magini ya san abin da wata biyar ke nufi. Lokacin da ɗan shiru ya fi yawa ke nan, kuma ƙauyuka bakwai za su wuce shi da bango tsirara. Sai dai akwai abu na uku da Babban Jami'i bai lissafa ba, kuma a wurin nan shi ya fi kowa saninsa.

Kwana goma bayan wancan feshin ya zo ganin jikarsa. Yana zaune a ɗakin sai idonsa ya faɗa kan wata tsaga daidai kan gadon yarinyar, wadda yatsa zai shige. Ya bi ta da ido, ya ga ta haifi 'ya'ya har bayan ƙofa. Shi da aka koya wa cewa a tsaga ɗan shiru ke kwana, ga kuma hannun magini yana ƙaiƙayi. Kafin a kawo masa ruwa ya tuɓe riga, ya kwaɓa ƙasa da yankakkiyar ciyawa. Niyyarsa ya toshe tsagar kawai. Amma magini ba ya barin faci a bango kamar riga mai ƙyalle, sai ya bi ɗakin duka da yaɓe siriri, iya inda hannunsa ya kai daga tsaye.

Tantabara tana ta tsalle a laka tana cewa, "Mijina ya tsufa, ko gini ba ya iya hawa." Ya ce, "Amarya mai tsiya, in ban gyara ɗakin ba wa zai aure ki?" Ta danna tafin hannunta a ɗanyen bangon, ya bar mata shi.

A nan Mai Kitso, maƙwabciyarsu, ta leƙo. "A'a, Magini, ba kai ka ce kada a yi yaɓe ba?"

Ya yi dariya irin ta wanda ya san aikinsa. Ya ce wannan doka ta masu lafta ƙasa da kauri ce. Bango shan abu yake yi, kuma abin da ya sha sai ya amayar. Ba ta ga yadda gishiri ke fitowa fari-fari a jikin sabon yaɓe ba, in ƙasar ciki mai gishiri ce? Shekara talatin yana ganin haka. To maganin ma ya riga ya shiga, zai ratso. Ga magani, ga babu tsaga, ɗan shiru ya rasa gida ya rasa hanya. Da zuciya ɗaya ya faɗa, ya kuma yarda da abin da ya faɗa. Maganar Magini a kan bango kuwa ba a musunta ta. Cikin mako biyu gida goma sha tara suka yi yaɓe, wasu ma shi ya kama musu.

Tun ranar da likita ya taɓa cikin Tantabara ya ambaci sunan ciwon, wannan yaɓen ke zuwa masa a rai, yana danne shi.

Goggo, uwar surukinsa, ita ta buɗe musu ɗakin. Malama ta buɗe akwatinta. Kofuna shida ne a ciki, kowanne an rufe bakinsa da ƙyallen raga, a cikin kowanne ƙudaje goma da aka kamo jiya a turken awaki na wani ƙauye da ba a taɓa fesawa ba. Ta manna wani mazurari na roba a bango, ta zuƙo ƙudajen da siririn bututu ta hura su ciki, ta toshe da auduga, ta danna agogon wayarta.

"Minti talatin," ta ce. "In maganin yana aiki, kafin lokacin za mu ga suna zubowa."

Sai ta ga shatin ɗan hannun nan a gefen mazurarin, yatsu biyar cif. Ta ɗora nata a kai, ta ce, "Allah sarki. Allah ya ba ta lafiya." Ba ta tambayi yaushe bangon ya yi ɗanyen da hannu zai zauna a jikinsa ba. A gidan siminti ta tashi, bangon ƙasa duk ɗaya ne a idonta, ga hayaƙin wata huɗu ya dusashe shi. Amma Mai Awo ya dubi hannun, ya dubi bangon tun daga ƙofa har ƙurya, sannan ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar jaka wadda ba ta kwance ba.

Mutanen lungu sun cika tsakar gida, ba mai magana. Magini ya tsaya ya zuba wa mazurarin ido. Minti biyar. Minti goma. Ƙudajen suna ta tsallensu, su sauka a bangon, su zauna, su goge ƙafa. Ya riƙa roƙo a zuci ko guda ɗaya ya faɗi, ɗaya tak, ya samu abin kamawa. A minti na ashirin wani ya yi kamar zai kife, sai ƙudan ya sake tsalle. Agogo ya yi ƙara. Goma suka shiga, goma suka fito.

Haka a ɗaki na biyu. Haka a na uku. A na biyar Malama ta kasa manna mazurarin sai da ta goge hannunta a zane, saboda gumi. Da suka fito ta tsaya gaban mutane.

"Iyayena, don Allah ku gaya mini gaskiya. Akwai wanda ya wanke bango, ko ya yi yaɓe bayan feshi?"

Wuri ya yi tsit, har ana jin akuya tana tuƙa. Babu wanda ya dubi inda Magini yake, kuma wannan rashin duban ya fi masa zagi ciwo. Mai Kitso ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Mu? Ai mun ji doka, 'yar nan. Wa zai taɓa bangon hukuma?" Kara suke yi masa. Mutumin da jikarsa ke kwance ba a tona shi a gaban baƙuwa.

Malama ta juya ga Mai Awo. "Baba, ƙunshi nawa kake sa wa tanki?"

"Ɗaya. Ruwa zuwa layi."

"Ba ka taɓa raba ɗaya biyu ba? Ko ranar da kaya suka yi ƙasa?"

"Shekara tara ina awo, Malama. Ko gishirin miya matata ni take kira in auna." Ya yi niyyar wasa ne, amma ba wanda ya yi dariya, har shi.

"An ce in karɓi mukullin."

Ya ciro shi daga wuyansa, da igiyarsa da ta yi baƙi saboda gumi, ya ajiye mata a tafin hannu. Mutane suna kallo. Kafin la'asar labarin zai kai ƙauye na bakwai, cewa Mai Awo ne ya shayar da bangon mutane ruwa.

Da rana ta take Magini da Mai Awo suka zauna a inuwar wata bishiya, kowa da nasa gefen. Malama tana cikin mota tana rubutu. Mai Awo ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke kafin ya yi magana.

"Lungun nan sun yi sa'ar bango. Tsofaffin ɗakuna, ko tsaga ɗaya babu. Ƙadangarun garin nan sun shiga uku."

Magini ya kau da kai, Mai Awo ya ci gaba.

"Kuma duk hannu ɗaya. Yaɓen da ke tsayawa daidai inda gajeren mutum ke iya miƙa."

"Me ya hana ka faɗa mata?"

"In ce me? In ce abokina ya rufe maganin da na auna da laka? Bakina ba zai iya ba, tsoho. Ni dai sunana ne zai ɓaci, kuma dama ba wani sunan kirki ba ne. Kai kuwa 'yarka ce za ta ji." Ya karya tsinken. "Amma ka sani, ba kai kaɗai ke da jika ba. Nawa huɗu ne, suna ƙauye na uku, kuma ɗakinsu tsaga kamar tafin ƙafarka."

"Na ɗauka zai ratso," in ji Magini a hankali. "Wallahi na ɗauka zai ratso."

"Na sani. Da mugunta ce ai da sauƙi, sai in mare ka mu huta."

Magini ya tuna 'yarsa, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci. Ranar yaɓen ita ta riƙa miƙo masa ruwa, tana cewa duk lungun ba mai uba irin nata. In ya yi shiru, za a ce magani ne ya lalace, kuma ba a jin haushin magani. Mutane sun riga sun rufa masa asiri, Mai Awo ma ya ce ba zai faɗa ba. Ba abin da ake nema daga gare shi illa ya ci gaba da zama a inuwar nan har ƙarfe huɗu. Ya dubi rana. Ta fara karkata.

Uku da 'yan mintuna ya ga Malama ta fito da kofi na shida, wanda aka zo da shi don ko-ta-kwana. Ta ɗauko kwalbar da take kashe ragowar ƙudaje da ita, ta fara kwance murfi. Direba ya riga ya juya kan mota.

"Malama, dakata."

Bai san ya miƙe ba sai da ya ji ƙugunsa ya amsa. Ya ce ta biyo shi da kofin. Suka koma ɗakin Tantabara, Mai Awo a bayansu. Magini ya miƙa hannu sama iya ƙarfinsa, ya kafa farce a wani wuri, ya ja. Sai ga wani siririn layi da ya zagaye ɗakin, wanda in ba a nuna maka ba ba za ka gan shi ba. Ƙasansa sumul, samansa ɗan kaushi-kaushi.

"Daga nan zuwa ƙasa yaɓena ne. Bayan feshi na yi shi, da kwana goma. Daga nan zuwa rufi tsohon bango ne, ban kai ba. Sa ƙudanki a can."

Ta dube shi, ta dubi layin, ta dubi shatin hannun yarinyar. Ya ga lokacin da ta gane, don biron ya faɗi daga bakinta.

"Baba, kai? Kai da kake karanta musu dokar?"

"Ni. Gida goma sha tara, duk da bakina suka yi. Na ce musu maganin yana cikin bango, zai ratso kamar gishiri."

"Ba ya shiga bango," ta ce, kamar za ta yi kuka. "A sama yake zama kamar ƙura. Sai ƙudan ya taka shi da ƙafa. Ko takarda ka manna ka rufe shi."

"Yanzu na sani. Lokaci yana tafiya, Malama."

Aka aro tsani a maƙwabta. Malama ta hau ta manna mazurarin, ya faɗo. Ta sake, ya sake faɗowa, don tsohon bangon ya yi kaushi, abin mannawar ba ya kamawa. Sai dai wani ya riƙe shi da hannu har minti talatin, ba motsi, in ya ɗaga ko kaɗan ƙudajen su tsere, kuma babu wasu. Ita za ta hura su ciki ta riƙe agogo. Mai Awo ya ce shi zai hau.

"Kai ake zargi," in ji Magini. "In ka riƙe za a ce ka shafa wani abu a hannu. Kauce."

Ya kama tsanin. A mataki na farko ƙafarsa ta ƙi, sai da ya ɗaga ta da hannu. Na biyu, na uku. Tsanin yana rawa, ko kuwa shi ne ke rawa, Mai Awo ya rungume ƙasan da hannu biyu yana cewa, "In ka faɗo kaina, tsoho, ba zan yafe ba." Malama ta taka turmi ta hura ƙudajen, ta toshe, ta danna agogo. Uku da minti ashirin da biyu.

Fuskarsa tana dab da mazurarin, yana ganin su ɗaya-ɗaya, da 'yan fikafikansu a tsaye masu gashi. Wata huɗu ba kwana huɗu ba ne, watakila maganin saman ma ya riga ya mutu. In haka ne, ya tona kansa a banza, a kuma kwashe kwalayen duk da haka. Minti biyar, ba komai. Zafin ƙugun ya hau gadon bayansa. Gumi ya shiga idonsa, ba hannun sharewa. Mutane sun sake taruwa a ƙofa, sun tare haske, Goggo tana korar su ba sa tafiya.

"Minti nawa?"

"Tara."

A na sha ɗaya wani ƙuda ya yi tsalle ya kasa kama bango. Ya zame zuwa bakin audugar, ya kife, ƙafafunsa suna harbin iska. Magini bai yarda ba, ya riga ya ga irin wannan da safe. Amma wannan bai tashi ba. Sai na biyu. Sai biyu a tare. Hannunsa ya mutu tun daga kafaɗa, ya danna goshinsa a bango ya tallafe. Malama tana ƙirgawa a fili. Da agogo ya yi ƙara, tara suna kwance, na goman yana jan ciki.

Ba wanda ya yi murna. Mutum biyu suka sauko da shi, ya zauna a bakin gadon jikarsa, ƙafar tana karkarwa ita kaɗai. Malama ta tsuguna a gabansa da takardunta.

"Dole in rubuta yadda aka yi, Baba. Da sunanka."

"Rubuta. Ki sa cewa Mai Awo bai taɓa kuskure ba." Sannan ya tambayi abin da ya kwana takwas yana gudu. "Malama, ni na sa mata ciwon nan?"

Ta dubi takardar. "Ciwon yana iya ɓuya a jiki wata shida, har fiye. Watakila tun kafin feshin aka cije ta. Watakila a waje ne, wajen wasa. Ba wanda zai iya sani." Ta ɗago ta dube shi. "Amma ba zan iya ce maka a'a ba."

Ya gyaɗa kai. Garin neman gira, in ji masu magana.

Ƙarfe huɗu ta kira. Daga inda yake zaune yana jin muryar Babban Jami'i tana tashi tana sauka, Malama tana ta "E, yallaɓai. A ɗaki ɗaya, yallaɓai, sama da ƙasa." Da ta gama ta dawo ta miƙa wa Mai Awo mukullinsa. Ba za a kwashe kwalayen ba. Zagaye na biyu yana nan, kuma jibi za a fara, daga wannan lungun. Magini kuwa ya ajiye famfo har sai an zauna a kan maganarsa.

Ya dogara da kafaɗar Mai Awo ya fita tsakar gida. Ya gaya wa mutanen lungu da bakinsa cewa abin da ya koya musu kuskure ne, duk wanda ya ji wani yana maimaita zancen gishiri ya ce Magini ya janye. Mai tsaga ya toshe ta yau ko gobe, kafin feshi, ba bayansa ba.

Mai Kitso ta tafa hannu a hankali. "Oh ni. Mun yi maka ƙarya a gaban hukuma, ka zo ka kwance mana zane a kasuwa." Amma idonta ya kawo ruwa. Ɗanta na cikin yara ukun.

Saura mutum ɗaya, 'yarsa, kuma ba ya so ta ji a bakin wani. Washegari da sassafe ya shiga motar farko zuwa gari. Ɗakin yara yana warin magani, gadaje a jere. Tantabara tana barci, hannunta kamar sillen kara, cikin ya ɗaga zanen da aka rufa mata. Uwarta tana zaune a ƙasa ta jingina da ƙafar gado. Surukinsa ya fita neman ruwan zafi.

Ya durƙusa da ƙyar kusa da ita. Bai yi kwana-kwana ba, ya faɗa mata duka, har da abin da Malama ta ce da abin da ta kasa cewa. Ta saurara ba ta ɗago ba, tana naɗe bakin zanenta a yatsa tana warwarewa.

"Ni na riƙa miƙo maka ruwan kwaɓin," ta ce daga ƙarshe.

"Ke ba ki sani ba, Uwata. Ni ne aka biya in sani."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Suna nan zaune ma'aikaciyar jinya ta turo tebur mai taya, ta ce lokacin allura ya yi, ta tara ke nan cikin goma sha bakwai, kuma wannan allurar tana da zafi, sai an danne yarinyar. Tantabara ta farka ta ga tiren, ta fara kuka tun kafin a taɓa ta, kukan da ba shi da ƙarfi.

Uwar ta miƙe. Ta tsaya kaɗan, sannan ta matsa gefe ta bar masa wurin.

"Riƙe ta, Baba. Ni na gaji da kallo."

Ta fita baranda. Magini ya zauna a bakin gadon, ya ɗora ƙafafun yarinyar a cinyarsa, ya rufe gwiwoyinta da hannu ɗaya.

"Kada ka sassauta," in ji ma'aikaciyar.

Ya ce to.